Ƙwarin ƙura a katifa da filo: yadda suke jawo alaji da yadda ake rage su

Akwai murar da ba ta warkewa. Mutum zai kwanta lafiya lau, da asuba tun bai sauko daga gado ba atishawa ta fara, biyar, goma a jere, hanci na zubar da majina fara tas kamar ruwa, ido na ƙaiƙayi. Idan hantsi ya yi ya fita waje sai abin ya lafa. Gobe haka, jibi haka, wata da watanni, babu zazzaɓi babu ciwon jiki. Murar da ƙwayar cuta ke kawowa mako ɗaya zuwa kwana goma take yi ta wuce. Wadda ta zauna daram, take tsananta a kan gado ko lokacin shara, sau da yawa alaji ce, kuma babban abin da ke tayar da ita a cikin ɗaki shi ne wani ƙwaro da ido ba ya gani, ƙwaron ƙura.

Tun da daɗewa likitoci sun san ƙurar gida tana tayar wa wasu mutane asma, amma ba su san mene ne a cikinta ba. A 1964 ne Reindert Voorhorst da Frits Spieksma da abokan aikinsu a birnin Leiden na ƙasar Holan suka nuna cewa wannan ƙwaro ne. Nau'o'in da suka fi yawa a gidaje su ne Dermatophagoides pteronyssinus da Dermatophagoides farinae, sai Blomia tropicalis a ƙasashe masu zafi da laima.

Ƙwaron da abincinsa

Tsawonsa milimita 0.2 zuwa 0.3 ne. Idan aka sa shi a madubin likita za a ga jiki fari-fari kamar ɗigon kitse, da gashi tsilla-tsilla, da ƙafa takwas, domin dangin gizo-gizo ne da kaska. Ba shi da ido, ba ya tashi, ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya kuma shiga fata kamar ƙwaron ƙazuwa. Wanda ya tashi da tabon cizo a jere a hannu ko a baya, ya nemi kuɗin cizo a ɗinkin katifarsa, wannan matsala ce daban. A ƙarshen kowace ƙafa ƙwaron ƙura yana da abin da yake manne zare da shi, shi ya sa ko injin tsotsar ƙura mai ƙarfi ba ya iya ciro masu rai daga cikin katifa.

Abincinsa ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu, kuma kowane baligi yana zubar da kusan giram ɗaya a rana, wanda ya ishi dubbansu. Saboda haka yunwa ba za ta taɓa kashe shi ba, kuma samunsa a gida ba alamar ƙazanta ba ce. Rauninsa yana wajen ruwa. Ba ya shan ruwa da baki. Wani ruwan gishiri ne ke fitowa daga kusa da ƙafafunsa na gaba yana zuƙo danshi daga iska. Idan laimar iska ta kai kaso 70 zuwa 80 cikin 100, zafi kuma digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyas, sai ya yi ta hayayyafa: daga ƙwai zuwa babba kusan wata ɗaya, macen kuma tana saka ƙwai 60 zuwa 100 a rayuwarta ta wata biyu zuwa uku. Idan laimar ta sauka ƙasa da kaso 50 ta daɗe a haka, gishirin ya bushe, ƙwaron ya ƙame ya mutu. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cika samunsa a wurare masu tsayi da busasshiyar iska ba, irin garin Davos na ƙasar Suwizalan, inda aka daɗe ana kai masu asma jinya.

Gado kuwa yana ba shi komai a wuri ɗaya: ɗumi, gumi, numfashi mai danshi, da abinci, na tsawon awa bakwai ko takwas kowane dare.

Kashinsa ne ke cutarwa

Wannan shi ne abin da duk dabarun da ke ƙasa suka rataya a kansa. Kowane ƙwaro yana fitar da ɗan dunƙulen kashi kusan 20 a rana, kowanne mai girman maikiron 10 zuwa 40. Maikiron kaso ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai kuma yana kai maikiron 70. A cikin dunƙulen akwai sinadaran narkar da abinci, mafi shahara shi ne Der p 1, wanda Martin Chapman da Thomas Platts-Mills suka ware a 1980. Wannan sinadari yana yanka abin da ya ɗaure ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanci da hanyar numfashi, ya buɗa wa kansa ƙofa. A jikin mai alaji, garkuwar jiki tana ƙera wani makami mai suna IgE, shi kuma ya sa jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, daga nan kumburi da ƙaiƙayi da majina. A hanci atishawa da toshewa, a ƙirji tari cikin dare da numfashi mai fito, a fata kuma yakan ƙara wa masu ciwon fata na ekzima ƙaiƙayi.

Abu biyu ne suka biyo bayan wannan. Na farko, dunƙulen yana da nauyi. Idan aka kakkaɓe bargo yana tashi sama, amma cikin minti 15 zuwa 30 ya koma ƙasa. Yawancin abin da mutum ke shaƙa daga kusa ne, fuska a manne da filo, duk juyi ɗaya ƙura ta tashi a bakin hanci. Na biyu, mutuwar ƙwaron ba ta kawar da kashinsa. Gawar da kashin suna nan da ƙarfinsu har watanni. Don haka aikin gida biyu ne, kashewa da kwashewa, kuma wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya zai ce dabarar ba ta aiki.

A tabbatar kafin a fara kashe kuɗi

Kyanwa, kyankyaso, fumfuna da furen ciyawa duk suna kawo irin waɗannan alamu. Gwaji biyu ne ke rarrabewa. A gwajin fata, ana ɗiga ruwan da ke ɗauke da sinadarin a hannu, a ɗan soka da tsinin allura, a jira minti 15. Idan wurin ya tashi kamar cizon sauro, ya fi ɗigon gwaji marar komai da milimita 3 ko fiye, jiki ya san sinadarin. Dole a daina shan maganin alaji kusan mako ɗaya kafin gwajin, in ba haka ba zai fito babu komai alhali akwai. Na biyu gwajin jini ne na IgE, wanda magani ba ya ɓata shi. Sakamakon gwaji shi kaɗai bai isa ba, sai ya dace da abin da mutum ke ji, domin akwai masu nuna alama a gwaji da ba sa fama da komai.

A yara, a lura da wanda ke yawan murza hanci sama da tafin hannu har wani siririn layi ya fito a kan karan hancin, mai barci baki buɗe, mai duhu a ƙarƙashin ido. Irin wannan yaron yakan tashi a gajiye, a aji a ce masa malalaci.

A fara da gado

Idan ƙarfi bai kai a gyara gida duka ba, a gyara gadon mai alajin. A ganinmu nan ne ya kamata mafi yawan kuɗi da ƙoƙari su tafi.

Mataki na farko shi ne a kulle katifa da filo a cikin rigar da ƙura ba ta ratsawa. Ana nufin yadi mai matsattsiyar saƙa wanda hudarsa ba ta kai maikiron 10 ba, mai zif da ke zagaye katifar gaba ɗaya, sama da ƙasa da gefe. Wanda ake ɗorawa a sama kawai da roba a kusurwa ba ya tsare komai. A duba abin da aka rubuta game da girman huda, domin kalmar "maganin alaji" a jikin leda ba hujja ba ce. Kowane filo da ke kan gadon a sa masa, har na wanda ake kwana tare da shi, da na ƙannen da ke ɗaki ɗaya idan gadajen suna kusa. A kan wannan rigar ake shimfiɗa zanin gado na yau da kullum. Ita kanta rigar a goge ta da tsumma mai danshi duk lokacin da aka canza zani, a wanke ta sau biyu zuwa huɗu a shekara yadda masu ƙerawa suka ce. Inda take lalacewa shi ne bakin zif da ɗinki, a riƙa dubawa. Wani bincike da aka yi a Manchester ta Ingila, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa yara masu asma da alajin wannan ƙwaro da aka sa wa gadajensu irin wannan riga sun fi ƙarancin komawa asibiti da tashin asma a cikin shekara ɗaya.

Wanda bai samu ba zai iya naɗe katifar da leda mai kauri, ya like bakin da salatif mai faɗi. Leda tana tsarewa sarai, illarta zafi da gumi da ƙara. A ɗora mata shimfiɗar auduga mai ɗan kauri wadda za a iya wankewa kowane mako. Kada a sa wa filon yaro leda, kuma kada a yi wannan a gadon jariri, saboda haɗarin toshe numfashi.

Sayen sabuwar katifa ba tare da riga ba asarar kuɗi ce, cikin 'yan watanni ƙwarin sun cika ta. Katifar soso ma ba ta tsira ba. Haka filon roba da ake tallatawa a matsayin wanda ya fi na gashin tsuntsu: an auna an ga na roba yakan fi tara sinadarin, saboda na gashi ana ɗinka shi da yadi mai matsi don kada gashin ya fito.

Sai wanki. Zanin gado da rigar filo duk mako, bargo duk wata ɗaya ko biyu. Ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe ƙwaron da ƙwansa, ya kuma wanke kashin. Ruwan sanyi da sabulu yana ɗauke fiye da kaso 90 na sinadarin, amma ƙwari da yawa suna fita da ransu su ci gaba daga inda suka tsaya. Idan babu injin wanki mai dumama ruwa, a haɗa tafasasshen ruwa awo biyu da na sanyi awo ɗaya a babban baho. Wannan yana ba da kusan digiri 75, kuma da an tsoma kaya zai sauka. A danna kayan da sanda su nutse duka, a rufe, a bar su minti 15, sannan a wanke yadda aka saba. A yi nesa da yara, kuma kada a sa hannu sai ya huce. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa kaya da yawa a ruwa kaɗan, tsakiyar ba ta taɓa yin zafi ba.

Kayan da ba sa jure ruwan zafi a sa su a injin busarwa a kan zafi mai ƙarfi na aƙalla minti 15, sannan a wanke da ruwan sanyi. 'Yar tsana mai gashi a ɗaure ta a leda a sa a firiza awa 24 ko fiye, bayan haka dole a wanke, domin sanyi kashewa kawai yake yi. Yaro ya zaɓi ɗaya ko biyu da zai kwana da su, sauran a ajiye a akwati mai murfi.

Rana tana aiki ƙwarai a kan abu marar kauri. Darduma ko bargo da aka shanya a rana mai zafi na awa uku zuwa huɗu, ana juyawa, ƙwarinsa suna mutuwa. Katifa mai kauri kuwa sai su gudu can ciki inda zafi bai kai ba, don haka shanya ta taimako ne, ba ta maye gurbin riga. Bayan shanya a bubbuge a waje, kuma mai alajin kada ya zama shi ne mai bugun. A shigo da kaya kafin raɓa ta sauka. Da safe kuma a yaye bargo a bar gadon ya sha iska awa ɗaya ko biyu kafin a gyara shi.

Laima

A sayi ɗan ma'aunin laima a ajiye a ɗakin kwana, nesa da taga. Abin da ake nema shi ne ƙasa da kaso 50 a yawancin yini, na tsawon watanni. Ƙwaron yana iya rayuwa idan ya samu danshi na sa'o'i kaɗan a kowace rana, shi ya sa kunna na'urar tsotse laima na awa biyu a kashe ba ya kai ko'ina. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laima, amma mai sanyayawa da ruwa tana ƙarawa, haka ma na'urar fesa tururi da wasu ke saya wa yaro mai tari, wadda a wannan hali ƙara masa ciwo take yi. Fanka ba ta busar da iska, kuma idan fikafikanta sun tara ƙura ita ce mai rabawa.

Kada a shanya jiƙaƙƙen kaya a ɗakin kwana. A rufe ƙofar banɗaki lokacin wanka a buɗe tagarsa, a gyara yoyo da bangon da ke tsatso, a janye gado daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu. Katifar da ke ƙasa kai tsaye a kan siminti tana shan danshi daga ƙasa, a ɗaga ta. Inda iskar waje kanta take cike da laima mafi yawan shekara, buɗe taga ba zai sauke ta zuwa 50 ba. A can a dogara da riga da wanki.

Shara da sauran ɗaki

Kafet da ya mamaye ɗaki bango zuwa bango shi ne matattara ta biyu bayan gado. Idan zai yiwu a cire shi daga ɗakin kwana, a bar tayil ko siminti ko katako da ake gogewa. Idan ba zai yiwu ba, a tsotse shi sau ɗaya ko biyu a mako da inji mai matatar HEPA, wadda ke riƙe kaso 99.97 na ƙura mai girman maikiron 0.3. Injin da ba shi da irin wannan matata yana zuƙa ta gaba ya fesar ta baya. Wanke kafet da ruwa a bar shi da danshi kwana biyu kiwo ne ake yi wa ƙwarin. Tururi mai zafi yana kashe su, muddin kafet ɗin ya bushe a ranar.

Busasshiyar tsintsiya da kakkaɓe kaya da ƙyalle tayar da ƙura kawai suke yi. A goge da tsumma mai danshi daga sama zuwa ƙasa, ƙasan kuma da mofa. Mai alajin ya bar ɗakin, ya dawo bayan rabin awa. Idan shi ne mai aikin, ya sa takunkumin N95. Labule mai nauyi a maye shi da marar nauyi da ke shiga wanki. Kujerar kushin ta yadi tana tara ƙwarin kamar katifa, musamman wadda ake barcin rana a kai; ta fata ko ta katako ba ta tarawa. Tufafin da suka daɗe a ajiye a wanke su kafin a sa.

Maganin feshi na sauro da kyankyaso ba ya isa inda ƙwarin suke, kuma shi kansa yana tayar da asma. Hodar kashe ƙwarin da ake barbaɗa wa kafet tasirinta ɗan kaɗan ne kuma ba ya daɗewa. Na'urar tace iska tana da amfani ga gashin kyanwa da hayaƙi, amma a nan ba ta yin abin kirki, tunda ƙurar ba ta zama a iska. Kuma dabara ɗaya tilo, ko da riga ce, sau da yawa ba ta canza alamun ciwo a manya. Sai an haɗa riga da wanki da rage laima da cire matattara a lokaci guda.

Wani abu da ba a cika sani ba: dangin wannan ƙwaro suna hayayyafa a garin fulawa da aka buɗe aka bari watanni a wuri mai ɗumi da laima, kuma cin abin da aka yi da shi yana iya jawo wa mai alajin kumburi da sarƙewar numfashi ko da an dafa. A ajiye buɗaɗɗen gari a mazubi mai murfi a cikin firji.

Magani

Gyaran ɗaki yana rage abin da ake shaƙa, magani kuma yana kwantar da kumburin da ya riga ya samu. Ga atishawa da ƙaiƙayi, cetirizine ko loratadine, miligiram 10 sau ɗaya a rana ga baligi. Na yara likita ko mai harhaɗa magani ne zai auna. Chlorpheniramine tsohon magani ne mai sa barci, bai dace da direba ko ɗalibi ba. Ga toshewar hanci, abin da ya fi aiki shi ne feshin hanci mai sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, irin fluticasone ko mometasone ko budesonide. Sai an yi ta amfani da shi kullum, cikakken aikinsa yana bayyana bayan mako ɗaya zuwa biyu, kuma da yawa suna jefar da shi a kwana na uku. A fyace hanci, a girgiza kwalbar, a ɗan sunkuyar da kai, a riƙe da hannun dama a fesa a hancin hagu ana nufar wajen kunne, sannan a sauya hannu. A shaƙa a hankali. Wanda ya ji ɗaci a maƙogwaro ya ja da ƙarfi, maganin ya wuce inda ake so. Haɓo yana zuwa ne idan ana fesawa a kan bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu.

Wanke hanci da ruwan gishiri kafin feshin yana taimakawa: gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, a haɗa sabo kowace rana. Feshin buɗe hanci nan take, irin oxymetazoline da xylometazoline, kada ya wuce kwana uku zuwa biyar, domin bayan haka hancin yana ƙara toshewa da zarar ƙarfinsa ya ƙare, mutum ya kasa rabuwa da shi. Muna kuma jan kunne sosai game da shan prednisolone ko dexamethasone ba da umarnin likita ba. Suna kawo sauƙi da sauri, amma idan aka daɗe a kansu suna tayar da suga da hawan jini, su raunana ƙashi.

Mai asma da ke buƙatar abin shaƙa na salbutamol fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa cikin dare, yana buƙatar abin shaƙa na kariya mai sitiroyid, ya ga likita. Idan ya kasa ƙarasa magana saboda numfashi, ko haƙarƙarin yaro na lotsawa ciki, ko leɓe ya canza launi, asibiti za a nufa nan take.

Ga wanda gwaji ya tabbatar masa, kuma magani da gyaran ɗaki ba su wadatar ba, akwai hanyar saba wa jiki da sinadarin kaɗan-kaɗan, ta allura ko ta ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe kullum, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017. Ana ɗaukar aƙalla shekara uku, ana shan ta farko a gaban likita a zauna rabin awa, kuma ba a farawa idan asma ba ta kwanta ba.

Sauƙin gyaran ɗaki ba ya zuwa a mako ɗaya, a ba shi wata uku zuwa shida. A riƙa rubuta a takarda ranakun da aka tashi da atishawa da yawan maganin da aka sha, domin tunani kaɗai yana ruɗarwa. Idan wata shida suka cika babu canji, a duba zif ɗin rigar katifa, a duba ko an shigo da wani filo marar riga, a duba kujerar da ake kishingiɗa a kai da rana, sannan a koma wurin likita a gwada kyankyaso da fumfuna da kyanwa.